Kwandon Inna da Kwalaben 'Yar Japan

Makon jiya aka sare ɗorawar da ke bakin layinmu. Wai shaguna za a gina, sai ka ce shaguna ne suka yi mana kaɗan a Suleja. Ina zaune a ƙofar gida ina jin ƙarar injin yankan nan har cikin haƙorana, yara kuwa sai tsalle suke suna ihu, babu ko ɗaya cikinsu da ya san abin da ake yi da 'ya'yan itacen. Na kira wata budurwa da ke ɗaukar abin a waya, na ce, "'Yar nan, kin san kalwa?" Ta dube ni ta ce, "Mama, a wace unguwa take?" Na ja kujerata na shige ciki, tun ranar kuma zuciyata ta koma gidanmu na dā ta ƙi dawowa.

A lokacin garin nan Abuja ake ce masa, ba a kai ga karɓe mana sunan a ba sabon birni ba. Babu wannan hayaniyar babura da 'yan keke, babu masu sammakon tafiya aiki da takalmi a hannu suna bin mota. Abin da ke tashin mutum da safe shi ne ladan, sai zakara, sai amon taɓarya daga gida zuwa gida, har kana iya gane wace ce ke daka ba tare da ka gan ta ba. Matan Gwari sukan shigo a jere da itace a kafaɗa tun raɓa ba ta bushe ba, mu kuma mu gangara rafin Iku da tulu. Gidanmu gidan daddawa ne, kowa ya sani. Inna ta gada daga uwarta, kuma ba yabon kai ba, daga nan har Izom idan miya ta yi daɗi sai a tambaya ko daddawar gidanmu ce. Aiki ne na kashe jiki. A wuni ana dafa kalwa a babbar tukunya, a surfa ta da toka a turmi, a kai rafi a wanke har ɓawon ya fita, a sake dafawa da kanwa, sannan a juye a kwando da zafinta, a lulluɓe da ganye da tsofaffin buhuna, a ajiye a kusurwar madafa kusa da murhu. Kwana uku ba a buɗewa, ba a motsawa, ba a barin garwashi ya mutu. Inna takan ce, "Jaririya ce. In kin bar ta ta ji sanyi, kin kashe ta." Sai ta ɗora bayan hannunta a kan buhun, ta yi shiru kamar mai sauraron magana, ta gyaɗa kai ta wuce.

Ni kuwa na tsani abin nan, gaskiya ɗaya ce. Na gama firamare ina jiran a kira ni makarantar horon malamai, kaina ya kumbura da Turanci. Shekara bakwai 'yan ajinmu suna toshe hanci in na zauna, suna ce mini 'yar daddawa, ko na wanke rigata sau uku warin na nan a ɗinkin. Ga shi kuma a lokacin ne dunƙulen miya na kanti ya fara shigowa, ɗan ƙarami a takarda mai walƙiya, matan ma'aikata suna ta yayinsa. Masu zuwa ƙofar gidanmu suka fara raguwa, yatsun Inna kuma suka fara ciwo, in ta wuni a ruwa sai ta kwana tana matsa su. Ta sha ce mini, "Ke, zo ki kama mini." Nakan kama, amma da fuska a murtuke, kuma na faɗa mata baki da baki cewa ni malama zan zama, ba mai ruɓar da kalwa ba. Allah ya yafe mini, haka na ce.

Baba yana aiki a gidan tukwane na bayan gari, shi ne mai hura wutar da ake gasa su. Baƙi sukan zo wurin daga ƙasashe, su ga yadda matan Gwari ke gina tulu da hannu ba tare da inji ba. Wata damina sai ga wata mata daga Japan, 'yar siririya, gajera, ba ta kai ni tsawo ba, ga yawan sunkuyawa in za ta gaisa. Ba ta jin Hausa, Turancinta kuma gutsi-gutsi ne kamar nawa, sai Baba ya ce in riƙa zuwa ina yi mata tafinta. Sunanta ya gagari bakin kowa, aka bar ta a 'Yar Japan, ita ma ta amsa. Tab, a lokacin ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Nakan ratsa kasuwa tare da ita ina ɗaga murya da Turanci don 'yan ajinmu su ji.

Wata rana ta ja ni masaukinta ta ce za ta yi mini abincin garinsu. Ta buɗe akwati ta fito da kwalabe uku a naɗe cikin tsumma, tana riƙe su kamar ƙwai. Shoyu ta ce sunan abin. Na farko baƙi ne wuluk, shi ne na yau da kullum, da shi ta dafa kifin da muka sayo, ta sa ɗan sukari, ta bar shi yana ɓararraka a hankali har romon ya kama jikinsa yana sheƙi. Ban da haka, ba ta zuba shi duka da fari ba, sai da ta kusa saukewa ta ƙara, wai in ya daɗe a wuta ƙamshin guduwa yake yi. Na biyu ja-ja ne garai-garai kamar shayi ba madara. Ni da iyayi na ce ai wannan an sirka shi da ruwa, na cika cokali na kurɓa. Wayyo Allah! Gishiri ya doke ni har hawaye, ita kuwa ta dafe ciki tana dariya. Ta ce wannan ya fi baƙin gishiri, ana sa shi ne in ana son kabewa ta fito da launinta, ganye ya tsaya kore, romo kuma ya zama kana hango gindin kwano. A wurinsu abinci sai ya yi kyau a ido tukuna. Na ukun mai kauri ne, yana bin jikin kwalba a hankali, ba a dafuwa da shi sosai, ɗan kaɗan ake ɗigawa a faranti a dangwala yankan kifi. Na ce, "Soyayye?" Ta ce, "Ɗanye." Na ce a'uzubillahi a zuciyata, a fili kuwa na gyaɗa kai kamar na saba. Abincin ya yi daɗi, daɗin da ke zama a bayan harshe ya ƙi tafiya, har na ji kamar na san shi a wani wuri. Amma ban tambaye ta da me ake yin abin ba. Na ga kwalba, na ga rubutu, na yanke wa kaina cewa wannan aikin injin mutanen da suka ci gaba ne, ba ruwansa da irin ƙazantarmu.

Ba a yi mako ba Baba ya dawo ya ce gobe da la'asar 'Yar Japan za ta zo gaida Inna. Kwandon daddawa na kusurwar madafa, kwanansa ɗaya, kuma a kwana na biyu ne warin ke tashi ya cika gida har zaure. Kalwar ƙarshe ce ta shekarar, Inna ta juye duk abin da ya rage a rumbu, ba za a sake samun wata ba sai ɗorawa ta nuna da bazara. Washegari da safe Inna ta tafi suna a Madalla, ta ce mini, "Ki kula da garwashin nan, kada ya mutu." Tana fita na ja kwandon nan da ƙyar, na kai shi bayan gida gindin rumbu, na jingina tsohon asabari a kai. Na share madafa, na yayyafa ruwa, na kunna turaren wuta. A raina na ce ai 'yan awoyi ne, baƙuwa na tafiya zan mayar. Da hantsi hadari ya taso daga wajen Dutsen Zuma, aka tsuge da ruwa irin na tsakiyar damina, mai iska da sanyi, bai ɗauke ba sai bayan azahar. Ina ɗaka ina goge rigata da dutsen guga, wallahi ko sau ɗaya kwandon bai faɗo mini a rai ba.

Inna ta dawo a jiƙe, tana sauya zane sai ga sallamar Baba da baƙuwa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa, ita tana sunkuyawa Inna tana sunkuyawa, har abin ya so ya ba ni dariya. Sai 'Yar Japan ta juyo ta yi mini magana, ni kuma dole in mayar da Hausa da bakina. Ta ce tun ranar da ta ɗanɗana miyar kukar da Baba ke zuwa da ita wurin aiki ba ta samu sukuni ba. Akwai wani abu a miyar, an ce mata Inna ce ke yin sa, shi ta zo gani. Na faɗa a hankali kamar mai ciwon haƙori. Fuskar Inna ta washe, ta miƙe ta ce, "Ai kuwa ta zo a sa'a, tana kan nuna." Ta shiga madafa. Ta fito ta dube ni ta ce, "Ina kwandon?"

Na nuna bayan gida da hannu. Muka zagaya mu huɗu. Iska ta ture asabarin, buhunan sun jiƙe sharkaf, ruwan indararo ya bi ta ƙarƙashi. Kafin Inna ta kai hannu, 'Yar Japan ta durƙusa a cikin taɓon nan da fararen kayanta, ta ɗora bayan hannunta a kan buhun, daidai yadda Inna ke yi. Sai ta cire rigar sanyinta ta lulluɓa wa kwandon, ta ɗaga ganye kaɗan ta shinshina, ta girgiza kai. Ta yi magana, Inna ta ce, "Me ta ce?" Na ce, "Ta ce sanyi ya shige ta, ba za ta tashi ba." Inna ta ce, "Na sani. Tambaye ta ita ina ta sani."

Nan na sha fassarar da ban taɓa shan irinta ba. Ta ce gidansu gidan shoyu ne tun kakanni. Abin da ke cikin kwalaben nan wake ne da ake dafawa, a haɗa da gasasshiyar alkama, a rufe a ɗaki mai ɗumi kwana uku har ya yi furfura, sannan a zuba a ruwan gishiri cikin gangunan katako da suka fi mutum tsawo, a bar shi shekara, wani ma biyu, ana juyawa, kafin a tace. Ta ce a kwana ukun nan babanta ba ya nisa da ɗakin, yana taɓawa da hannu, in ya yi zafi ya baza, in ya yi sanyi ya tara. Ta ce a garinsu in ana taro, masu wannan sana'a gaba ake zaunar da su. Sai ta kama hannun Inna, hannun nan mai kumburarrun yatsu, ta kai hancinta ta daɗe, ta ce tun da ta bar gida ba ta ji ƙamshin hannun babanta ba sai yau. Duk ni na faɗi wannan da Hausa, kalma bayan kalma, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta saurara har ƙarshe ta ce, "Ashe daddawar ruwa ce." Sannan ta yi wa baƙuwa godiya, ta raka ta har zaure, kamar babu abin da ya faru.

Da ta dawo ba ta dake ni ba, da ma ta dake ni da na fi jin sauƙi. Ta ɗauki babbar tukunyar nan da ta gada, ta wanke ta tas, ta kai ta gefen katanga ta kife. Baba ya ce, "Haba, ki yi haƙuri, yarinta ce." Ta ce, "Malam, ba kalwar nake ji ba. Masu saye sun ragu ban bari ba, hannu ya yi ciwo ban bari ba. Amma tun da 'yar da na haifa ta kai ga ɓoye ni a bayan gida don kada baƙi su gan ni, to na bari." Ta shige ɗaki. Inna ba ta magana biyu, duk unguwa an san haka. Washegari aka zubar da kwandon a juji, ko awaki ba su kula shi ba. Mata suka riƙa zuwa ƙofar gida da ƙoƙo, tana ce musu babu, kuma ba za a ƙara ba. Miyar gidanmu ta koma lami. Na ga Baba yana cin tuwo yana kallon bango, na san ni na jawo.

Kwana biyu ina kuka a ɓoye, a na uku na ce kuka ba zai ɗaga tukunya ba. Matsalar ita ce babu kalwa ko'ina, sai bazara, kuma na san in aka kai bazara tukunyar nan a kife, ta kifu ke nan har abada. Na faɗa wa 'Yar Japan. Ta yi ɗan tunani ta ce ai waken da suke amfani da shi ta gan shi a buhuna a tasha. Waken soya ke nan. Manoman wajen Izom da Zuma suna noma shi ne don masu saye su loda a mota su tafi da shi, babu mai ci, don an ce ko ka wuni kana dafa shi ba ya laushi. Ta ce a garinsu ma akwai wani abin da suke yi da shi, su dafa su naɗe a bambaro har ya yi yauƙi, su ci da shinkafa da safe. In ya yi yauƙi a can, me zai hana a nan? Ranar kasuwar Izom na bi motar itace, wani abokin Baba Bagwari ya auna mini mudu huɗu yana dariya, ya ce, "'Yar Malam, doki za ki ba?"

Na raba shi biyu, na fara da ƙaramar tukunya, don ban isa in taɓa wadda aka kife ba. Na farko ya lalace. Ban cire ɓawon ba, ya yi tsami, ya yi wani doyi da ya sa maƙwabta leƙowa ta katanga. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana kaɗi, ba ta ce mini uffan ba. Amma da na ɗora na biyu sai na ji tana magana da kaji. Ta watsa musu dawa ta ce, "Ku dai kun huta, ba ku dafa abu da rigarsa." Na gane, na sauke, na soya waken sama-sama, na ɓarza a dutsen niƙa, na sheƙe, na sake ɗorawa. Can da ya daɗe a wuta ta sake cewa kajin, "Wasu mutane ba su san kanwa na da amfani ba." Na tashi na jefa kanwa. Da na zo juyewa na tsaya ina jira ya huce, sai ta daka wa zakara tsawa ta ce, "Kai, tsaya nan har ka sandare!" Na juye da zafinsa, na rufe. 'Yar Japan takan biyo kowace yamma, mu durƙusa mu biyu a kusurwar madafa, ta ɗora hannu in ɗora, har na fara jin abin da suke ji, wani ɗumi da ba na murhu ba, daga cikin kwandon yake fitowa kamar jikin mai rai. Ranar da na fara jin sa na yi ihu har Baba ya fito da buta a hannu.

A kwana na uku na buɗe. Ya yi yauƙi, zare-zare yana bin ludayi, warin ya bugi hancina, kuma a karon farko a rayuwata ban kau da kai ba. Na daka, na mulmula, na faɗaɗa da tafin hannu, na shanya a rufin ɗaki ina gadin hadari. Ba ta yi baƙi kamar ta kalwa ba, ta fi haske, ƙarfinta ma bai kai ba. Na kaɗa miyar kuka da ita na kai wa Inna. Ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu, ta ce, "Ba kalwa ba ce." Na ce, "Ba ita ba ce, Inna." Ta cinye tuwon, ta wanke hannu, ta shige ɗaki. Na kwana ban san matsayina ba.

Da safe ina shara sai ga sallama. Wata tsohuwa ce daga Izom da ta saba zuwa duk wata, ba ta ji labari ba, ta sauke kayanta ta miƙo ƙoƙo ta ce a ba ta daddawa. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Inna ta ce, "Ni na bari, Iya." Tsohuwar ta ce, "Subhanallahi, to mu ina za mu?" Inna ta ci gaba da kaɗinta, ba ta ko ɗaga kai ba, ta nuna ni da haɓa ta ce, "Akwai mai yi a gidan. Ke, ajiye tsintsiyar nan ki sallami mutane, kuma in kin gama ki ɗaga tukunyar can, ƙaramar ba za ta ishe ki ba."

Na yi malanta shekaru masu yawa bayan nan, an yaba mini a gaban taro, an ba ni takardu masu hatimi, amma babu wanda ya kai mini wannan har yau. Na ɗauki ƙoƙon tsohuwar, na cika mata shi har yana zuba.